Sai Ya Huce

"Kashe shi, Tela," in ji tsohon daga bayansa. "Na ce ka kashe shi."

Tela bai kashe ba. Sai ma ya ƙara murɗa totur, babur ɗin ya yi gurnani a banza, don ko taku ɗaya ba a matsa ba. A gabansu babbar mota ce shaƙe da buhunan siminti, a bayansu bas, dama da hagu kuwa babura ne maƙil, gwiwar wannan na gogar ta wancan. Rana ta take tsaka. Zafin injin yana ratsa wandonsa har ƙashi, amma ba shi ne damuwarsa ba. Damuwarsa numfashin da yake ji a wuyansa, gajere, mai fita da ƙyar.

Wanda ke ɗaure a bayansa maƙwabcinsa ne. Mutanen layi suna ce masa Sannu-Sannu, saboda shekara talatin ya yi yana acaɓa ba wanda ya taɓa ganin ya yi gudu. Shekara bakwai ɗakunansu na jingine da juna, bango ɗaya ne tsakani, amma ban da ina kwana da ina wuni ba abin da ya taɓa haɗa su. Shi Tela dama ba gwanin surutu ba ne. Iyalinsa na can garinsu, nan kuwa daga shi sai keken ɗinki. Tsohon ma haka, daga shi sai babur, wanda yake shigar da shi har cikin ɗaki kamar wani zai sace tsohon ƙarfe.

Yau da hantsi Tela yana yankan wuyan riga ya ji an buga bango sau biyu. Da ya leƙa, sai ya tarar da tsohon zaune a ƙasa, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Bari in nemo mota, Baba."

"Mota a wannan lokacin? Sai gobe mu isa asibiti. Ga makulli can a ƙusa."

Rabon Tela da tuƙa babur tun yana saurayi. Sai da ya buga kik sau goma sha ɗaya kafin abin ya tashi. Ya ɗauko yadi huɗu na wani mai ɗinki da bai kai ga yankawa ba, ya ɗaure tsohon a jikinsa, suka kama hanya. Kik ɗin nan goma sha ɗaya su ne suka tsaya masa a rai. Ya ƙudurta cewa tunda Allah ya sa ya tashi, to ba mai sa shi ya kashe shi sai a ƙofar asibiti.

"Wannan injin iska ce abincinsa," tsohon ya sake cewa, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "In yana tsaye yana aiki, dafa kansa yake. A cunkoso kashewa ake, a tura da ƙafa."

"In na kashe ya ƙi tashi fa?"

"In ka kashe shi da kanka zai tashi. In shi ya mutu don kansa..."

Bai ƙarasa ba babur ɗin ya yi tari sau biyu, ya girgiza, ya yi tsit.

Tela ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa, ya murɗa totur har ƙarshe, ya buga, ya buga. Warin mai ya taso. A daidai lokacin motar siminti ta ɗan gusa, sai ga hon ta ko'ina kamar dama jira ake.

"Malam, ka janye mana wannan gwangwanin!" in ji direban bas.

"Marar lafiya na ɗauko!"

"To ni likita ne?"

Mutane ba mugaye ba ne, zafi ne da gajiya, amma a lokacin da Tela zai samu dama da ya shaƙe direban nan. Ya roƙi wani ɗan acaɓa da ke kusa ya karɓi tsohon. Mutumin ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Wallahi da zan iya, amma ta ina zan bi? Ta sama?" Gaskiyarsa ce. Asibitin yana can bayan gada, ana hango tankin ruwansa, kuma daga nan har gadar ba wurin da allura za ta faɗi.

Da ƙyar ya tura babur ɗin gefen titi, tsohon na bayansa. Ya kwance yadin, ya zaunar da shi a inuwar wani shago da ke rufe, ya jingina masa baya da ƙofar ƙarfe. Wata mai sayar da ruwan leda ta sauke farantinta ta miƙo guda ɗaya ba tare da an tambaye ta ba.

"Baba, bari in goya ka mu taka."

"Ka goya ni ka kai gawa. Ƙirjin nan ba zai ɗauki jijjiga ba." Ya jiƙa leɓensa da ruwan. "Ka cika masa ciki da mai, ga zafi. Yanzu ko uwarsa ce ta zo ba zai tashi ba. Minti goma sha biyar. Kada ka taɓa shi, sai ya huce."

Minti goma sha biyar! Tela ya ji kamar ya ɗora hannu a ka ya yi ihu. Ya tsuguna kusa da tsohon, kunya da tsoro sun cika shi.

"Da na ji maganarka, Baba."

"Kowa haka yake yi masa. Tsoro ne. Ni ma na shekara biyu kafin in yarda cewa in na kashe zai tashi." Ya ɗan rufe ido, ya buɗe. "Kekenka ma yana neman gyara. Igiyarsa ta saki. Tun wancan watan yake tsallake."

Tela ya dube shi. "Ta yaya ka sani?"

"Shekara bakwai ina jinsa ta bango. Na san ranar da kake da aiki da yawa, na san ranar da ba ka da ko ɗaya. Lokacin da ka yi tafiyar nan ta sati uku, gidan nan ya yi mini girma, Tela. Har babur nake tayarwa a ɗaki don in ji motsi."

"To me ya hana ka shigowa ko sau ɗaya?"

"Kai me ya hana ka?"

Tela ma ya san tarin tsohon, ya san ƙarar bokitinsa da safe, kuma sau da yawa ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa masa ƙofa sai ya ce kada ya takura wa dattijo. Ashe su biyun duk zaman jiran juna suke, kowa na ganin yana yi wa ɗan'uwansa kara. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Akwai wanda zan kira maka?"

"Akwai 'yata. Tana nesa. Lambarta ta daina shiga, shekara huɗu ke nan." Ya ɗaga yatsa ya nuna babur. "Je ka kai bayan hannunka kusa da injin. In ka ƙirga goma ba ka janye ba, ya yi."

Tela ya je. A biyar ya janye. Ya dawo ya zauna, wannan karon kafaɗarsa na taɓa ta tsohon. Motoci na ta hon, mai ruwa na ta kiran masu saye, su kuwa suna zaune kamar waɗanda suka saba zama tare.

"In mun dawo zan duba maka igiyar nan," in ji tsohon a hankali.

"Sai ka sha shayi a ɗakina tukuna."

"Kana da sukari dai ko? Ban yarda da shayin gwauro ba."

Tela ya yi dariya. Can gaba aka ji motoci sun fara tashi ɗaya bayan ɗaya. An janye abin da ya tare gadar.

"Tashi ka gwada," in ji tsohon, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Rufe mai tukuna. Kik biyu ba makulli. Sannan ka buɗe, ka kunna. Kada hannunka ya taɓa totur."

Tela ya kai bayan hannunsa, ya ƙirga goma cif. Ya rufe mai, ya buga biyu, ya buɗe, ya murɗa makulli, ya ɓoye hannun damansa a baya don kada ya ci amanarsa. Ya buga sau ɗaya.

Babur ɗin ya tashi, lafiya lau, ko tari babu.

"Baba, ya tashi! Wallahi bugu ɗaya!"

Ya waiwaya yana murna. Mai ruwa ce ya fara gani, ta ajiye farantinta a ƙasa, ta tsuguna, hannunta a baki. Tsohon yana nan yadda ya bar shi, bayansa a jikin ƙofar shago, sai dai kansa ya karkata gefen da Tela ya tashi. Ledar ruwan ta suɓuce daga hannunsa, tana tsiyaya a hankali cikin ƙasa.

Titi ya buɗe har gada. Motoci na wucewa da gudu, ba mai yi wa kowa hon. Tela ya tsaya riƙe da kan babur ɗin, injin na bugawa a natse a ƙarƙashin hannunsa, ya rasa inda zai je da shi.