Takin da Shekari Ya Zuba

Tun da Jemimah ta dawo daga makaranta idonta jawur, mahaifinta Shekari ya kasa cin abinci. Malama Oluwatoyin, mai koyar da kimiyya, ta ce yarinyar ta yi maguɗi a gwajin masara, kuma za a cire sunanta daga cikin masu zuwa gasar kimiyya a Sabon Gari.

"Layi biyu na shuka, Baba. Ɗaya da takin zamani, ɗaya ba komai, don a ga bambanci. Yanzu wanda ba a sa wa komai ba ya fi tsawo. Wai ni na taɓa shi."

Shekari ya san abin da ya faru. Mako uku da suka wuce, yana hanyar kai tumatir kasuwar Samaru, ya leƙa ta shingen lambun makarantar. Ya ga sunan 'yarsa a jikin katako, a kan wani layin masara mai rawayan ganye, siriri kamar tsintsiya. 'Yar manomin ƙauyen Bomo guda! Me mutane za su ce? Ranar Asabar ya ɗauro kashin kaji a keke, ya lallaɓi mai gadi, ya zuba, ya rufe da ƙasa. Bai gaya wa kowa ba.

Washegarin ranar da Jemimah ta kawo labarin, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya bi Jemimah makaranta. Malamar tana lambu, ɗalibai kewaye da ita.

"Malama, ki yi haƙuri. Ni na zuba taki. Yarinyar ba ta sani ba."

Ɗalibai suka fara ƙus-ƙus. Jemimah ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka san aikin wata biyu ka ɓata?" in ji Malamar.

Ta daɗe tana kallon masarar.

"Yaya yawan abin da ka zuba?"

"Gwangwanin madara ɗaya a gindin kowace."

"Kowace? Ba ka ƙara wa wata ba?"

"Haba Malama! Shekara talatin ina noma. In ya wuce haka, ƙonewa take yi."

Malamar ta juya ga Jemimah. "Buɗe littafinki. Rubuta: kashin kaji, gwangwani ɗaya. Layin ƙawarki Ƙauna da ba a sa wa komai ba, da shi za ki kwatanta." Sannan ta nuna wa Shekari shinge. "Sunan Jemimah yana nan cikin masu zuwa gasar. Amma kai, Baba, daga yau ta can za ka riƙa kallo."

Ya koma bayan shingen. Daga nan ya tsaya yana kallon 'yarsa tana auna ganye da rula.