Hannuna a Cikin Baho

A danginmu duk wadda ta haihu, ni ake kira in yi wa jariri wanka. Ba don na fi kowa shekaru ba, don hannuna ne. In tsoma shi a baho in ce a ƙara na sanyi ko a bar shi haka, kuma babu jaririn da ruwa ya taɓa sa shi kuka a wurina. To wannan hannun ne ya fara yi mini ƙarya tun bara.

Da farko ji nake kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, daga yatsu har gwiwar hannu. In duba, ba komai. Daga nan sai suka, sai zogi, wani lokacin kuma hannun ya mutu murus, in riƙe kofi ban san na riƙe ba. Ga gajiya ta ƙin ƙarewa. Sharar ɗaki ma sai na zauna na huta kafin in kai ƙofa. Likita ya ɗebi jini, ya ɗauki hoto, ya bubbuga mini gwiwa da 'yar gudumarsa, ya ce komai lafiya lau.

Na ce, "To likita, wannan hannun na waye?"

Ya yi dariya ya rubuta mini maganin ƙarin jini. Ni ban ga abin dariya ba. Ƙanwata ta ce tunani ne, maigidana ya ce tsufa ne, shi da ya girme ni nesa ba kusa ba. Sai na daina faɗa wa kowa, ina jin tsorona ni kaɗai.

Ana haka Auta, 'yata ta ƙarshe, ta haifi ɗanta na fari, aka sallamo ta daga asibiti zuwa gidana. Washegari da safe na dafa ruwa na juye a baho, na surka, na tsoma hannun dama ina juyawa kamar yadda na saba. Na ji shi sanyi ƙalau. Har na ɗauki tukunya zan ƙara na zafi, sai na ga tururi na tashi daga bahon. Na taɓa da hagu, hagu ta ce wuta. Na ƙara na sanyi, na sake ƙarawa, tururin ya ɗauke, amma hannayen nan biyu suka ƙi yin magana ɗaya.

Na ɗauko yaron na warware shi a kan cinyata. Ɗan mitsitsi, fatarsa ko cizon sauro ba za ta ɗauka ba, yana ta harba ƙafafu a saman bahon. Na kasa saukar da shi. Zufa ta karyo mini.

Auta na kishingiɗe a gado ta ce, "Inna, yau kuma gaisawa kuke yi da ruwan?"

"Taso ki taɓa mini shi."

"Ni? Ni zan koya miki ruwa?"

"Na ce ki taso."

Ta ji muryata ba ta wasa ba ce. Ta sauko tana dafa bango, ta durƙusa da ƙyar, ta sa hannu.

"Ai daidai yake, Inna. Kin tsorata ni wallahi."

Na sauke ajiyar zuciya, na miƙa hannu zan ɗauki sabulu. Caraf ta riƙe ni.

"Inna! Me ya samu hannunki?"

Na duba. Ya yi jawur har wuyan hannu, fatar tsakanin yatsu ta fara tashi. Ashe ruwan farko da na ji sanyi ƙalau dafa ni yake yi ina juya shi.

"Ba kya jin zafi?"

"Ba na ji."

"Tun yaushe?"

Na ƙura wa hannun ido ina jiran zafin ya zo, har roƙonsa nake a raina ya zo. Can na ji Auta ta ce a hankali, "Bari ni in yi wa yaron wankan, ke ki riƙa gaya mini."

Na ce mata, "To, karɓe shi." Na sunkuya in miƙa mata shi, sai na ga cinyata wayam. Yaron yana ƙirjinta tuni, ban ji lokacin da nauyinsa ya tashi daga ƙafata ba.