Farin Ƙyallen Kawu Bunlert

Shekara da shekaru Kawu Bunlert da mutanensa suna kwashe gawawwakin haɗari a babban titin garinsu don neman lada. Da aka fara koya wa 'yan sa-kai ɗaukar masu rai, asibitin lardi ya turo musu Sista Wilai. Ta yi ta nanata musu cewa a fara duba numfashi, a tallafe wuya, kada a ja kowa ta ƙafa. In suka faɗi jarrabawa, motarsu ba za ta sami izinin ɗaukar mai rauni ba. Kawu kuwa ya riga ya sayi jiniya, har ya kai ta haikali an sa mata albarka.

Ranar jarrabawa aka shafa wa Thawin mai taliya jar miya a goshi kamar jini, don ya zama mai rauni na gwaji, aka kwantar da shi a gindin mangwaro kusa da rumfarsa. Ya ƙoshi, ga inuwa, sai barci ya kwashe shi.

Kawu ya iso da jiniyarsa, ya ga mutum shame-shame ko motsi babu. Kafin kansa ya tuno da darasi, hannunsa ya riga ya zaro farin ƙyallen naɗe gawa. Suka naɗe Thawin tsaf. Kawu ya kunna turaren tsinke, ya durƙusa yana kiran kurwar mamacin, kamar yadda suka saba.

"Ƙanena, kada ka zauna a bakin titi. Biyo mu, mu tafi gida."

Likitan da ya zo sa maki ya dubi Sista Wilai, ita kuma ta dubi sama.

Hayaƙin ya shiga hancin Thawin, gawa ta yi atishawa. Matarsa Lamai, da ta fito da kwanon taliya, ta gani, ta zube a sume.

Wannan kam Kawu ya gan ta a tsaye yanzun nan, don haka bai ruɗe ba. Ya duba numfashi, ya tallafe wuya, ya kwantar da ita a gefe, ya kori masu kallo. Thawin yana ta mutsu-mutsu a cikin ƙyalle yana cewa a kwance shi, babu mai sauraronsa.

Likita ya ba su izinin, da sharaɗi.

Sista Wilai ta ɗauko almakashi. "Kawu, kawo ƙyallen. Daga yau bandeji ne."

Ya miƙa mata, amma turaren ya ɓoye shi a aljihu.