Ɗakin Da Ke Kallon Asibiti

Mijina ya yi shekara da shekaru yana kai mutane filin jirgi, shi bai taɓa hawa jirgin ba. Direban bas ne a wani kamfanin jigilar matafiya. Ya sauke musu akwatuna, ya yi musu Allah ya kiyaye hanya, ya juyo da kan motarsa. Shi ya sa tun kafin a ɗaura mana aure ya kafe a kan cewa hutun amarcinmu a ƙasar waje za mu yi shi, kuma a bakin teku. Hoton wurin yana cikin wayarsa, ya nuna mini har na haddace shi: wani ɗan tsibiri, ɗakunan katako a jere, ruwa yana zuwa har gaf da ƙofa.

Ni kuwa aikina shi ne neman abin da zai iya lalacewa. Jami'ar kiyaye haɗari ce ni a kamfanin robobi. Ni ce mai bi ina duba tukwanen kashe gobara, ina zazzaga masifa idan an tare ƙofar gaggawa da kwalaye, ina korar duk wanda ya shiga wajen injin babu hular kwano. Ma'aikata ba sa ƙaunata, ni ma ban ce su ƙaunace ni ba. Ranar da mijina ya fara fita da ni cin abinci na ƙi zama sai da na ga inda ƙofar baya take. Tun daga ranar ya raɗa mini Sufeto, sunan kuma ya bi ni har dangi.

Ba mu daɗe da tarewa ba ya yanke jiki ya faɗi yana wanke bas. Likita ya ce zuciyarsa ce ta kumbura, ba ta tura jini yadda ya kamata. Magani zai riƙe ta, amma ba zai mayar da ita yadda take ba. Na tambaye shi har zuwa yaushe za ta riƙu. Ya gyara zaman gilashinsa ya ce wannan sai Allah.

Ban yi kuka ba. Na jira kukan a cikin mota, bai zo ba. Na jira shi a gida, shiru. Ji na yi kamar an yi mini allurar kashe zafi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwar masu dubiya, duk ba na jin komai. Abin da ya rage mini kawai shi ne kaina, shi kuwa bai daina aiki ba.

Da maganin ya karɓe shi, sai ya sake ɗauko zancen tafiya. Likita ya ce zai iya hawa jirgi, amma kada mu yi nisa da asibiti. Yayarsa, wadda ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta zo har gida ta same ni a kicin.

"Ke ce mai hankali a cikinku," in ji ta. "Shi tun yana yaro in ya ƙwallafa rai a kan abu ba ya ji ba ya gani. Ki hana shi."

"Yaya, ba zai hanu ba."

"To in ba zai hanu ba, amanarsa tana hannunki. Yadda kika tafi da shi haka nake so ki dawo mini da shi."

Na ce to. Ban ji nauyin maganar ba, na dai karɓe ta kamar yadda nake karɓar aiki a ofis.

Daga nan na shiga shiri. Na raba magungunansa gida biyu, rabi a jakar hannuna, rabi a tasa, ko da ɗaya ta ɓata. Na ɗauki hoton fasfo ɗinmu na tura wa Yaya da ƙanwata. Na koyi yadda ake cewa "mijina yana da ciwon zuciya" da yaren ƙasar, ina maimaitawa ina wanke-wanke. Na buɗe taswira na auna tsibirinsa. Daga babban birni sai an yi tafiyar mota mai nisa, sannan a hau ƙaramin jirgin ruwa, shi ma da rana kaɗai yake tsallakawa. A tsibirin babu asibiti, sai wani ɗan ɗakin shan magani. A cikin birnin kuma na samo wani otal wanda titi ɗaya ne ya raba shi da babban asibitin zuciya.

Muka je ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Wata matashiya ce a kan teburin, mai fara'a, da farcenta a gyare. Ta juyo mana da kwamfuta ta nuna mana wuraren biyu. Ta yi mana bayanin inshora, ta ce ciwon da mutum ya riga ya tafi da shi akwai iyakar abin da suke ɗauka.

Na ce, "In mutum ya rasu a can, yaya ake dawo da shi?"

Hannunta ya tsaya a kan madannai. Ta kalle ni, ta kalli mijina da ke zaune kusa da ni yana wasa da makullin mota. Ni ban ga abin da na faɗa ba daidai ba. Tambaya ce, kuma dole wani ya yi ta.

Shi ne ya yi dariya. "Ƙanwata, kar ki tsorata, haka take. Ranar aurenmu ma sai da ta duba wayoyin wutar zauren. Ki ba ta amsa, in ba haka ba ba za mu bar nan ba."

Ta ba ni amsa a gajarce, murya ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "To wanne zan kama muku?"

Na ce, "Na birni."

Ya ce, "Bari mu je mu yi shawara."

A mota bai kunna rediyo ba. Sai da muka tsaya a danja ya ce, "Sufeto, ni fa asibiti na gan shi. Teku ne ban gani ba."

"In abin ya tashi a tsibirin, me zan yi? In ɗauke ka a ka in yi iyo?"

"Ba lallai ya tashi ba."

"Duk wanda injin ya cire wa yatsa a kamfaninmu haka ya ce da safe."

Aka ba mu hannu, ya ja mota. Muna shiga layinmu ya ce, "Shi ke nan. Ki kama inda za ki iya barci. In kin yi barci, ni ma na huta."

Da ya yi gardama da na san yadda zan yi da shi. Bai yi ba. Na kira matashiyar na ce na birni, na ajiye waya, na ci gaba da ninke kaya.

Abokin aikinsa ne ya kai mu filin jirgi a bas ɗin da mijina ya saba tuƙawa. Mijina ya zauna a kujerar fasinja yana taka birkin da babu shi, yana cewa, "Kai, haka kake yi wa mutane? Bi a hankali mana, amarya ka ɗauko." A jirgi na ba shi gefen taga. Ya manna goshinsa a gilashi, amma gajimare ya rufe ƙasa tun daga tashi har sauka.

Otal ɗin ba shi da laifi. Na duba ƙofar gaggawa, a buɗe take. Tukunyar kashe gobara tana nan a bango, wa'adinta bai ƙare ba. Ɗakinmu yana hawa na biyu, kusa da lifta, tagarsa kuma tana kallon filin ajiye motocin asibiti. Ya ja kujera ya zauna a wajen. Kafin yamma ya san direbobin motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya.

"Zo ki ga wannan mai sanƙon," in ji shi. "Ribas ɗinsa kamar na ɗan koyo. Wallahi a kamfaninmu ko mabuɗi ba za a ba shi ba."

Kwanakin farko lafiyarsa ƙalau. Ya hau bene da ƙafa don ya tsokane ni. Muka zaga kasuwa, ya sayo wa Yaya mayafi, ya yi ciniki da hannu da ka har mai shagon ya rungume shi. Kullum da safe ina gwada jininsa, ina duba ƙafafunsa, ina ba shi magani, ina tura wa Yaya saƙo cewa komai lafiya. Bai sake ambaton teku ba. Ni ma na lura bai ambata ba, na ajiye wannan a gefe kamar yadda nake ajiye komai.

Wata safiya a ɗakin karin kumallo wani tsoho da matarsa suka zauna a teburinmu. Daga tsibirin suka dawo. Tsohon da sanda yake tafiya, hannunsa yana rawa har matar ce take riƙe masa kofi. Ba ma jin yaren juna, amma ta ciro waya ta shiga nuna mana hotuna: ga shi nan ya naɗe wando, ruwa har gwiwa, baki buɗe yana dariya. Mijina ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya daɗe a kan hoton, ya faɗaɗa shi da yatsa, ba fuskar tsohon yake kallo ba, ruwan da ke bayansa yake kallo. Sannan ya mayar mata, ya ɗaga mata babban yatsa, ya ci gaba da shan shayinsa.

Duk yinin ranar fuskar mijina ta ƙi fita daga idona. Washegari, ana gobe za mu koma gida, na sauka wajen masu karɓar baƙi tun da hantsi. Na tambayi mota zuwa bakin ruwa da lokacin jirgin ƙarshe na dawowa. Suka ce in mun fita yanzu za mu samu. Na ce su kira motar. Na hau sama da sauri, ban ko jira lifta ba.

"Tashi ka shirya," na ce. "Tsibirinka za mu je."

Ya juyo daga taga. "Sufeto, ke ce kuwa?"

"Kar ka sa in canza shawara. Mota tana zuwa."

Ya tashi yana murmushi, ya sa riga, ya zauna a bakin gado ya jawo takalminsa. Ƙafar dama ta shiga rabi ta tsaya. Ya sassauta igiya, ya sake turawa, ta ƙi. Da safe na ga ƙafafun sun ɗan tasa, na ce gajiyar kasuwa ce. Yanzu idon sawun ya ɓace gaba ɗaya. Ya sunkuya zai ja dunduniyar takalmin, sai numfashi ya gagare shi. Ya ɗago ya dafa katifa da hannu biyu, yana jan iska ta baki, goshinsa ya yi gumi.

Wayar ɗakin ta yi ƙara. Motar ce ta iso. Muka bar ta tana yi har ta gaji.

Da numfashinsa ya daidaita, ya kalli takalmin da ke maƙale a ƙafarsa, ya kalle ni.

"Bari dai, Sufeto," ya ce. "Wata shekarar."

Na durƙusa a gabansa na kama takalmin ina zare shi a hankali. A nan allurar ta sake ni. Abin da ya ƙi zuwa a ofishin likita, ya ƙi zuwa a mota da gida, ya zo mini gaba ɗaya, tsoro da baƙin ciki da son mutumin nan, har na kasa ganin igiyar da nake kwancewa. Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka da ƙarfi, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya.

Ya ɗora hannu a kaina, ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Share fuskarki. Miƙo mini silifas, mu tsallaka titin nan su duba ni."