Malam Illa Ya Tasam Ma Malbaza da Ƙafa

Kwana uku Malam Illa ya yi yana ɗinkin jakar nan. Buhun shinkafa ya farke, ya ninka shi biyu, ya bi shi da basilla, sannan ya yanko tsohon bel na mota ya yi mata hannuwa biyu na goyawa. Ya naɗe 'yar jarkar ruwa da tsumma don a jiƙa ta yi sanyi. Matarsa Hawwa ta daka masa dakuwa mai yaji, ta ƙulle dabino da cuku a leda, tana yi tana mita.

"Tsohon banza da shekara saba'in, wa ya aike ka?"

Ba wanda ya aike shi, bakinsa ne ya ja masa. 'Ya'yansa sun haɗu za su kai shi Makka bana, sai babbansu Abdulrazak, wanda ke aikin jinya a Malbaza, ya ce ƙafar Baba ba za ta ɗauki tafiyar aikin hajji ba, a bari sai baɗi ya samu hutu ya raka shi. Malam Illa ya ce wa ya ba shi takardar baɗi? A cikin fushi ya ce ranar Talata zai taso daga ƙauyensu na bayan Dogarawa ya zo har ƙofar gidan Abdulrazak da ƙafarsa. Ɗan ya ce in ya iya, magana ta ƙare, bana zai tafi.

Da aka sallame asuba ya goya jaka, ya kifa malafa, ya ɗauki sanda. Bai karya ba, wai sai ya ci rabin hanya ya zauna gindin gawo ya ci guzurinsa kamar matafiyan dā.

Abin da bai lissafa ba shi ne mutanen ƙasar nan ba su iya ganin dattijo a ƙasa su wuce. Mai amalanken jaki ya tsaya, ya ce a'a. Wata mota ta 'yan kasuwa ta tsaya, ya ce a'a, har direban ya leƙo yana tambaya ko lafiya gida. Wata mata mai itace ta ce ko 'ya'yansa sun yashe shi ne? Wannan ta ƙona masa rai, ya ƙara sauri. Kuma ƙafar da ake raina wa tana tafiya lau, gwiwa ko ƙorafi ba ta yi ba.

Hantsi ya dubi ludayi sai ya ji moto, wato babur, ya rage gudu a bayansa, ya mutu. Ya waiwaya. Mutari ne, ɗan kabu-kabu, mijin 'yarsa Karima. Tuni ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan yashi.

"Baba, ina kwana. Mi ya hwaru?"

"Babu komi. Tahi sabgarka."

"Baba, ka hau in kai ka."

"Na ce tahi. Da ƙahwa nika son zuwa."

Mutari ya sunkuyar da kai. "Ni in hau moto in wuce, kai kana ƙasa? Wallahi Baba ban iyawa."

Malam Illa ya juya ya ci gaba. Can ya ji ƙarar taya a yashi. Yaron ya kama ƙahon moto yana turawa, taku goma a bayansa, ba ya matsowa, ba ya komawa. In tsohon ya tsaya, ya tsaya. In ya daka masa tsawa, ya durƙusa ya ce, "To, Baba," sannan ya miƙe ya ci gaba da turi. Da a ce ɗan cikinsa ne da ya sha sanda, amma suruki ba a yi masa haka.

Suka iso gindin gawon. Yunwa ta fara murɗa Malam Illa, ya kwance jaka, ƙanshin dakuwa ya bugi hancinsa. Ya miƙa wa Mutari dunƙule guda.

"Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi."

Ƙarya yake, leɓensa duk ya bushe. Amma wane ɗan mutunci ne zai tauna abu a gaban uban matarsa? Ruwan ma da aka miƙa masa ya ce ya sha a gida. Shi kuma Malam Illa, yaya zai zauna yana lanƙwame dakuwa, mijin 'yarsa na tsaye a rana yana haɗiyar yawu? Ya kurɓi ruwa sau ɗaya kawai. Ya mayar da komai ya ɗaure bakin jaka da ƙarfi har igiyar ta yanke masa yatsa. Takaici ya ishe shi: ga abinci a gadon bayansa, ga yunwa a cikinsa, kuma ba wanda zai zaga.

Rana ta take. Hanya ta shiga wani kwari mai zurfin yashi, inda ko jaki sai ya yi nishi. Daga nan ana hango dogon bututun masana'antar siminti ta Malbaza, saura ƙiris. Sai ya ji rigijib! Moto ya kwanta, Mutari na durƙushe a gefensa yana haki, rigarsa sharkaf. Ya yunƙura ya ɗaga, ya sake zamewa. Ko a haka da ya ga tsohon na kallonsa sai ya ce, "Ba komi, Baba, mu tahi."

Malam Illa ya dubi bututun, ya dubi yaron. Ya san ƙafarsa za ta kai. Ya kuma san in ya ci gaba, wannan mai taurin kan zai bi shi har ya faɗi ya kasa tashi, ya bar masa Karima da goyo. Ya yi tsaki mai tsawo.

"Tada abin nan naka."

Ya hau bayansa, suka tafi. A kwanar unguwar su Abdulrazak Mutari ya tsaya, ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ido ba, "Baba, ka sabka nan ka ida da ƙahwa. Ni ban ga komi ba."

Ya sauka, ya ƙarasa da sandarsa. Abdulrazak na ƙofar gida a kan benci, da ya hango shi ya miƙe zumbur, fuskarsa cike da murna da mamaki.

"Baba! Da ƙahwa ka zo?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da Makka, kuma ba mai tona shi. Amma ɗakin Allah za shi, ba ya son ya shiga jirgi da wannan a wuyansa.

"Da ƙahwa hak kwari," ya ce. "Sauran bisa moto."

Murnar ta zube daga fuskar ɗan. Ya karɓi jakar, ya yi ta jujjuya hannunta.

"To Baba, sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Malam Illa ya zauna a kan bencin, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa.

"In ya kai ku dai," ya ce.