Gwangwanin Malam Ashiru

Ina tsaye kan turmi ina leƙen gidan Malam Ashiru ta saman katanga ya tsiyaya buta ta uku a cikin gwangwanin nan mara gindi da ya kafa a ƙasa. Yana jan carbi, idonsa na kan ruwan.

"Laraba, sauko kafin ki karye," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba. "Zagayo, da ke nake son magana."

Na zagaya. Ai ni na baza a unguwarmu ta Gwandu cewa tsohon ya taɓu, tun ranar da aka gan shi a maƙabarta yana shayar da ƙasa. Shekara arba'in yana gina kaburburanmu, yanzu ƙafafunsa sun kumbura, da ƙyar yake takawa.

"Duba nan. Da rani ƙwayar carbi bakwai nake ja ruwa ya shige. Yau na ja talatin da uku, ga shi tsaye. Ƙasa ma tana ƙoshi."

"To mi ya shafe ni, Malam?"

"Na taɓa ce wa ɗana Sirajuddeen in na mutu ya sa ni gindin tsamiya, kusa da uwarsa. Da rani na faɗa. Wanga wata na koma na gwada, akwai laka a ƙarƙashi, ko gwiwa ba za a kai ba ruwa zai taso. Gabas nake so, wajen itacen geza, can rairayi ne har yanzu yana sha. Na kira shi Kalgo a waya, sai ya ce in sha magani in huta. Liman ma haka. Wata ta riga ni zuwa kunnensu."

Na shiga gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Bakin da ya kai waccan shi zai kai wagga," ya ce.

Kwana huɗu ban zauna ba. Na faɗa a bakin famfo, na faɗa a wurin niƙa, na bi gidan suna da ba a gayyace ni ba. Mata sai dariya, wai haukan ya tsallako katanga. Sama kuwa kullum sai ta zubo.

Ranar Alhamis da hantsi aka ji salati daga gidansa.

Sirajuddeen ya iso daga Kalgo kan babur, wandonsa duk taɓo. Na tare shi a bakin zaure, maza cike, Garba da ya gaji aikin ginan yana saɓe da diga.

"Gabas ya ce, ɗan nan. Wajen geza."

"Inna, da kunnena na ji tsamiya. Ba ke kika ce kansa ya juye ba?"

Duk aka juyo ana kallona. Ni da ban taɓa janye maganata ba tun ina budurwa.

"Ƙarya na yi," na ce. "Lafiyarsa lau. Ni ce ba ni da aikin yi."

Na tura masa gwangwanin da butar da carbin. "Kada ka yarda da ni. Ka zuba can, ka zuba can, ka ƙirga."

Ya tsaya yana kallon kayan. Garba ne ya miƙo hannu ya karɓa, suka wuce.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Na zauna, na tashi, na share tsakar gidan da aka riga aka share. Huseina, ƙanwar mamacin, ta ce in zauna don Allah, ina sa mata jiri. Hadari ya sake haɗowa ta gabas.

Bayan azahar suka dawo. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Da suka shiga zaure yin addu'a na lallaɓa bakin ƙofa, inda suka tuɓe takalma, na duƙa ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Babu laka. Na ɗaga na Sirajuddeen na buga a dakali, jan rairayi ya zubo.