Tumakin Auta Masu Lamba a Kunne

Tumaki arba'in da biyu Dogo yake da su, kowacce ɓul-ɓul da ita. Na ƙaninsa Auta goma sha ɗaya ne, rabinsu ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Amma da ma'aikatan lafiyar dabbobi suka zo neman garken da za su riƙa dubawa, farar motarsu ta wuce ƙofar Dogo ta tsaya gidan Auta.

Likitar, wata mace mai gilashi, ta maƙala wa kowace tunkiya lamba rawaya a kunne. Duk mako biyu takan dawo ta ɗebi jini a jijiyar wuyansu, ta jera kwalabe cikin akwatin ƙanƙara, ta zazzage tarkon sauron da ta rataye a rumfa. Nan da nan maƙwabta suka fara zuwa wurin Auta neman shawara. Autan da ko ɗaurin igiya Dogo ne ya koya masa.

Ranar zuwan motar, Dogo yakan tsiri gyaran katanga, ya yini yana leƙe. Matarsa ta ce katangar nan ta sha gyara har ta gaji.

Rannan Dogo ya tare likitar a hanya, ya roƙe ta ta zo ta ga dabbobi na gaske. Ta bayyana masa cewa ba kyau suka bi ba. Garken Auta yana bakin kududdufi, idan zazzaɓin da sauro ke yaɗawa ya shigo, can zai fara nunawa.

"Naka yana kan tudu, ka gode wa Allah," in ji ta.

Shi dai abin da ya ji, ta ƙi zuwa.

Washegari ya koro tumakinsa uku mafi kyau, duk masu ciki, ya ce wa Auta wurinsa ya yi cunkoso.

"Yaya, sauron nan ya yi yawa, kada ka bar su."

"Tsoro kake a ga bambanci."

Auta ya buɗe ƙofa. Aka sa musu lamba, Dogo ya yini yana murmushi.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kududdufi ya cika ya tumbatsa. Cikin mako na biyar biyu daga tumakin Dogo suka yi ɓari. Auta ya kira likita nan take. Ta hana kowa taɓa ɓarin da hannu, ta ce mutum ma yana ɗaukar cutar. Gwajin jini ya nuna cutar ce. Aka hana fita da dabba daga unguwar, aka bi gida-gida da allurar rigakafi, cutar ba ta yi nisa ba.

A taron da aka kira a makaranta, likitar ta yaba wa Auta saboda saurin kai rahoto, ta ce tumakin garkensa ne suka ceci na kowa. Aka yi ta tafi. Dogo ya miƙe daga bencin baya.

"Likita, a gyara magana. Tumakin nawa ne."

Wani tsoho ya juyo ya ce masa Allah ya mayar da alheri. Ba wanda ya tafa.

A hanyar gida Auta ya ce idan nasa tumakin suka haihu zai ba shi ɗa ɗaya. Dogo ya ce ba ya kiwon ƙashi da fata. Sun kusa rabuwa Dogo ya tsaya, ya ce in dai dole ne, to ɗan baƙar tunkiyar nan yake so.